Tafiyata Diffa Neman Ɗigon Ganyen Tattasai

Tun da na dawo daga Diffa ban huta da tambaya ba. Wanda ya shigo shago ɗaukar hoton kati sai ya tambaya, maƙwabta su tambaya, ƙawayen da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare su kira ni a salula: wai me ya kai ni gabas, kuma da gaske ne na je har bakin kogi? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa da inda na tsaya masa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Sunana Rabi. Ina da ɗan shagon buga takardu da wanke hoto a Sabon Gari, nan Damagaram. Ban yi karatun kwamfuta a wata babbar makaranta ba. Da kaina na fara koyon rubuta manhaja, tsakanin azahar da la'asar lokacin da ciniki yake kwantawa, ina bin darussan kyauta, ina kuskure ina gogewa. Abu na farko da na yi wanda ya yi aiki shi ne wata ƴar manhaja da na sa wa suna Matsi. Aikinta ɗaya ne: ta rage nauyin hoto don ya wuce ko da rezo, wato sabis ɗin waya, ba shi da ƙarfi. Na ɗora ta a shafin da masu wannan sana'a suke ajiye aikinsu a buɗe, kowa ya karanta yadda aka rubuta, ya ɗauka kyauta, ya gyara in zai iya. Wani ɗalibi mai suna Nasiru, wanda har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya taimaka muka mayar da ita ta salula. Daga nan ta fara yawo inda ban sani ba.

Wata rana sai ga saƙo a shafin, daga wani malamin gona a Diffa, Malam Iliyasu. Ya ce manoman tattasai na bakin kogi da Matsi suke aiko masa da hoton ganye in sun ga abin da ba su gane ba. Sannan ya rubuta jimlar da ta hana ni cin abincin rana: "Manhajarku tana ƙarya. Manomi ya aiko mini ganye mai ciwo, na gan shi lafiya lau, na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Rabin gonarsa ya tafi."

Na roƙe shi ya aiko mini da hoton asali, wanda ba a matse ba. Ya ce babu shi. Kuma gaskiyarsa ce, domin ni da hannuna na rubuta cewa da zarar an matse hoto a goge na asalin, don kada salular mutane ta cika. Na ɗauki ganyen zogale, na ɗauki na mangwaro, na sayo tattasai ɗanye a kasuwa, na gwada har sau ba adadi. Komai yana fita daidai. Sati guda ina wannan. Ranar Juma'a na ce wa maigidana zan tafi Diffa.

Malamin makaranta ne, ba mai saurin magana ba. Can ya ce, "Maman Nana, ba wanda ya biya ki aikin nan, ba kuma wanda zai kama ki in kin yi shiru."

Na ce, "Na sani. Amma salula nawa ce take ɗauke da abin nan yanzu? Gobe wani zai sake aika ganye."

Shi ya kira Malam Iliyasu da kansa, suka daɗe suna magana kan hanya da masauki. Ranar Litinin bayan sallar asuba ya raka ni tasha, ƙanwata ta karɓi shago da Nana.

Kusa da ni a cikin kar, babbar motar fasinja, akwai wata Hajiya mai fataucin banda, kifin nan busasshe da ake kyafewa. Ta sayar da kayanta a Damagaram tana komawa gida. Tun ba mu kai Mirya ba ta lura da yadda na rungume jakar kwamfuta a ƙirji.

"Ƴata, jinjiri ne a ciki?"

Na ce kwamfuta ce. Ta ce to in sassauta mata, hanya da nisa, hannuna zai sage kafin Gure. Ban ji maganarta ba, kuma ya sage ɗin. A Gure muka sauka muka yi karin kumallo da shayi da burodi. Hajiya ta hana ni sayen nama, ta kwance ƙullin dabino da cuku ta tura mini. Gaba da Gudumariya taya ta fashe. Muka zauna a inuwar kar fiye da awa guda, maza suna ba direba shawarar da bai nema ba. A nan ne Hajiya ta koya mini gaisuwar Barebari. In an ce mini "wushe" in mayar da "wushe", in an tambayi lafiya in ce "kalewa", kuma kada in yi gaggawar yanke gaisuwa, domin a can wanda ya fara gajiya da gaisuwa shi ne marar tarbiyya. Mu a Damagaram muna ganin mun iya doguwar gaisuwa. Ashe ƴan koyo ne mu.

Daga Maine zuwa Diffa shingayen jami'an tsaro suka yawaita. Kowane shinge a sauka, a nuna katin shaida, a taka a ƙafa a wuce, sannan kar ta biyo. A na ƙarshe kafin gari wani jandarma ya ce in buɗe jaka, in kunna kwamfuta. Tsautsayi, na bar ta a kan baƙin allon nan mai rubutu birjik da nake aiki a kai. Ya duba, ya dube ni.

"Madam, wannan fa?"

Na fara bayani da Faransanci ina in-ina, na ga ba ya shiga. Sai na ce ya ba ni izini in ɗauki hoton hannunsa. Na ɗauka, na matse, na nuna masa nauyin kafin da na bayan. Sai ya sassauta murya ya ce mahaifiyarsa tana wani ƙauye can yamma, wata uku yana ƙoƙarin aika mata hoton jaririnsa yana ƙin tafiya. Na ce manhajar tana da wani ciwo da na zo nema, amma ga hoton jariri ba ta da laifi. Na tura masa ita a tsaye a bakin shingen, fasinjoji suna jirana cikin kar, Hajiya tana leƙowa ta taga tana cewa ai ta faɗa musu ƴarta ba ta da matsala.

Mun shiga Diffa bayan la'asar. Abin da na fara lura da shi shi ne shirun titi. Babu babur. An hana hawansa shekaru da dama saboda halin tsaro, sai keke mai ƙafa uku da motoci da masu tafiya a ƙasa. Wanda ya saba da Damagaram, inda ɗan kabu-kabu da babur ɗinsa zai taka maka ƙafa kana tsaye a ƙofar gidanku, sai ya ji kamar an toshe masa kunne ɗaya.

Malam Iliyasu ya zo tarbata, dogo siriri, ɗan Dogonduci ne da aiki ya kawo shi gabas ya zauna har ya yi aure. Sai da muka gaisa ya amsa mini cewa har ranar da maigidana ya kira shi, ya ɗauka wanda ya rubuta Matsi wani injiniya ne a Yamai mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki. Ya ce da ya san mai shagon hoto ce da ya tausasa saƙonsa. Na ce gara da bai sani ba.

A gidansa na sauka, ɗakin matarsa Ya Falmata. Kafin in ajiye jaka ta sa kasko ta turara ɗakin, ta turara zanen da zan rufa, har gyalena ta karɓa ta riƙe a kan hayaƙin. Mu ma muna turare, amma na ranar Juma'a da biki. Su kuwa kamar ruwan sha ne. Har yanzu jakar kwamfutata tana ƙamshin gidan. Ta kawo burabusko da miyar kuka da ta ji banda, da kunun tsamiya mai sanyi. Na ci har na ji kunya. Da safe na fita sayen katin salula, mai tebur ya faɗa mini kuɗin da naira. Na tsaya ina kallonsa, na zaci na ƙetare iyaka ban sani ba. Ya Falmata ta yi ta dariya, ta ce a nan kuɗin ƙasashen biyu duk suna ci, kuma kowa salularsa layi biyu ce, na gida da na ƙetare.

Ranar Laraba muka fita gona. Motar kasuwa mai buɗaɗɗen baya muka shiga ta hanyar da ta nufi Geskeru, muka wuce rumfunan mutanen Asaga da rikici ya taso daga bakin kogi suka zauna gefen kwalta. Malam ya ce yawancin manoman da yake aiki da su nan suke kwana yanzu, su tafi gona da safe su dawo kafin rana ta yi sanyi. Inda muka sauka amalanken shanu muka hau, muka gangara kudu. Ban san mun iso kogin ba sai da na ji ƙarar injinan ban-ruwa. Komadugu ya cika a lokacin, amma ba shi da faɗin da na zata. Malam ya nuna mini itatuwan da suke ɗaya gefen ya ce, "Waccan Najeriya ce." Ba shinge, ba tuta, ba ɗan duwan, wato jami'in kwastan. Salulata ce kawai ta san an zo iyaka, domin nan take ta saki layin gida ta kama na ƙetare, ta aiko mini da saƙon barka da zuwa ƙasar da ban taka ba.

Mai gonar sunansa Ba Kyari, dattijo mai farin gemu, ƙafafunsa sun yi fari da laka. Na yi gaisuwar da Hajiya ta koya mini, ya ja ta, na bi shi har sai da shi ya sauke. Hausarsa irin ta mutanen wurin ce, ba ta raba mace da namiji. Da Malam ya gaya masa ko ni wace ce, ya dube ni ya ce, "To, kai ne mai abin cikin waya."

Na ce ni ce, Baba.

"Zo ka gani."

Ya kai ni ɓangaren gonar na yamma. Fangali bayan fangali, tattasan sun tsaya tsirara, ganyen da ya rage ya yi ruwan ƙasa ya nannaɗe, ga wata saƙa siririya kamar ta gizo-gizo a tsakanin rassan. Malam ya yi mini bayani: wani ɗan ƙwaro ne ja, ƙarami ƙwarai, yana zama a bayan ganye yana tsotsa. Alamarsa ta farko ɗige-ɗige ne rawaya, ƙanana kamar an soka da allura. In an gan su da wuri ana iya tare shi. In an bar shi sati biyu cikin zafi, sai abin da nake gani.

Ba Kyari ya ce, "Na ga ɗigon da idona. Ɗana ya ɗauka da waya ya aika. Malam ya ce babu komai. Na ce to, idona ya tsufa, na waya sabo ne."

Muka koma ɓangaren gabas inda shukar take da rai. Ya duƙa ya nemo ganye ɗaya da ciwon ya fara kamawa, ya miƙo mini. Ga ɗigon nan, rawaya, sun fi talatin. Na ɗauki hoto da salulata ba tare da Matsi ba, na adana. Sannan na matse shi. Na ɗora hotunan biyu gefe da gefe a kwamfuta, a inuwar wata bagaruwa, mu uku muka sunkuya.

Na hagu ganye mai ɗigo. Na dama ganye kore shar, sumul, kamar wanda ake bugawa a jikin fakitin iri.

Nan take na gane. A shagona mutane suna kawo tsofaffin hotuna masu ƙura da tabo. Don haka na sa wa Matsi wani mataki da yake share ƙananan ɗigo kafin ya matse hoto, domin hoto mai santsi ya fi raguwa. Sati uku na yi ina koyon wannan matakin, kuma duk cikin manhajar shi na fi alfahari da shi. Shi ne ya ɗauki ciwon ganyen Ba Kyari a matsayin datti ya wanke shi tas. Ganyen da na yi ta gwadawa a gida kuwa lafiyayyu ne, ba abin da za a share a jikinsu.

Na ce, "Baba, idonka bai tsufa ba. Malam ma bai yi kuskure ba, abin da aka nuna masa ya faɗa. Ni ce na rubuta abin da ya goge ɗigon. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon allon. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "Yanzu ka gane. To gyara."

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na cire matakin, layi huɗu kawai, na sake haɗa manhajar a nan gindin bagaruwa, na sa a salulata, na tilasta mata ta koma layin gida. Ɗigon suka fito. Na aika hoton zuwa salular Ya Falmata a gari don gwaji. Da'irar nan ta jiran tafiyar saƙo ta fara juyawa a kan allo. Muka sha ruwa, Malam ya zagaya gonar maƙwabci ya dawo, tana juyawa. Aka yi azahar, tana juyawa. Daga ƙarshe ta ce saƙo bai tafi ba. Hoton ya faɗi gaskiya, amma ya yi nauyin da rezon bakin kogi ba zai ɗauka ba. Na rage girmansa, ya tafi, amma ɗigon suka narke suka zama hazo. Na koma inda na fito.

Ba Kyari yana zaune a kan buhu yana kallona. Ya ce in nuna masa hoton da ya ƙi tafiya. Ya sa yatsa a kan allon yana bi.

"Wannan mene ne?"

Na ce sama ce.

"Wannan fa?"

Na ce ƙafarsa ce da bakin fangali.

"Malam ya san sama. Ya san ƙafata. Don me kake aika masa? Jakin da ba shi da ƙarfi, ba ka ɗora masa buhu da ƙasar da ke ƙarƙashin buhun. Aika ganye kawai."

Na fahimci abin da yake nufi tun kafin ya rufe baki: a bar tsakiyar hoto da cikakken kyansa, a matse gefe da ƙarfi ko a yanke shi. Matsalar ita ce ban san yadda ake yi ba. Ban taɓa rubuta abin da yake raba hoto gida biyu ba. Malam ya dubi rana ya ce mu tashi, ba a kai la'asar a bakin kogi. Kafin mu hau amalanke na roƙi Ba Kyari ganye, ya tsinko mini guda goma sha biyu, daga mai ɗigo uku har zuwa wanda ya fara nannaɗewa. Na jera su cikin littafina.

Kwana uku na yi a tsakar gidan Malam Iliyasu, a kan tabarma, kwamfuta a kan turmin da aka kife. Wuta tana zuwa tana ɗaukewa, in ta ɗauke Ya Falmata ta jawo mini waya daga batirin fanon rana, wato farantin sola, da suke kunna fanka da shi, su zauna cikin zafi saboda ni. Na so in yi abin burgewa, mutum ya zagaye ganye da yatsa manhaja ta bi zanen. Ranar farko duk hoton da na gwada baƙi ƙirin yake fita. Rana ta biyu ya fito, amma a kife, ganyen a gefe, ƙafar mutum a tsakiya. Na rufe kwamfutar na shiga ɗaki na yi kukana. Ya Falmata ta turo mini faranti ta ce in taya ta tsince shinkafa. Muna cikin tsincewa ta ce, "Ƴar Damagaram, ke da kika ce abin a buɗe yake kowa yana gani, me ya hana ki tambaya?"

Girman kai ne ya hana ni. Ban so in rubuta a bainar jama'a cewa manhajata ta ci gonar mutum ba. Amma da yamma na rubuta, ban rage komai ba. Na sa hotunan biyu, na faɗi abin da ya faru da wanda ya jawo shi, na ce duk mai amfani da Matsi don duba ciwon shuka ko na fata ko wani abu mai ƙananan alamu ya dakata. Sannan na nuna inda na maƙale.

Da safe na tarar da amsar Nasiru. Bai yi mini ta'aziyya ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya nuna mini cewa na juya tsawo da faɗi a layi ɗaya, shi ya sa hoton yake kifewa. Sannan ya ce in bar zancen zane da yatsa, manomi hannunsa da laka, allon salularsa a fashe. In sa murabba'i ɗaya a tsakiyar allo, mutum ya cika shi da ganye ya danna. Na ji zafin a ce abin burgewata bai da amfani, amma gaskiya ya faɗa. Kafin azahar na gama. Na kuma cire layin da yake goge hoton asali. Ya Falmata ta fassara mini umarnin zuwa Barbarci, jimla ɗaya tak: cika akwatin da ganye. Muka naɗi muryarta, don wanda ba ya karatu ya ji.

Ranar Lahadi na koma gonar. Wannan karon Malam ya zauna a gari da gangan, Ya Falmata ce ta raka ni. Na ce Ba Kyari ya zaɓi ganyen da ya ga dama, kada ya nuna mini, ya ɗauka da hannunsa. Da muryar Ya Falmata ta fito daga salula ya ɗan ja baya, ya dube ta tsaye kusa da shi, ya dubi wayar. Ya ɗauki hoto uku: biyu masu ciwo, ɗaya lafiyayye, shi kaɗai ya san wanne ne wanne. Na aika. Na farko ya tafi kafin in ƙirga sittin. Na biyu ya tsaya, salula ta sake tsallakawa layin ƙetare, na dawo da ita, ya tafi. Na uku ya bi.

Muka jira. Injin maƙwabci yana ta bugawa. Sai salula ta yi ƙara, na buɗe muryarta don kowa ya ji.

Malam ya ce, "Na farko yana da shi, ya yi yawa. Na biyu lafiya lau. Na uku ya fara, ɗigo biyar ko shida kusa da jijiyar ganye. Ba Kyari, wannan na ukun daga ina ka tsinko shi?"

Ba Kyari ya karɓi wayar ya kai bakinsa. "Daga fangalin bakin ruwa."

"To can ma ya shiga. Gobe da safe ina zuwa, kada a jira."

Dattijon ya miƙo mini salula. Ya ce, "Na ukun ni ma da ƙyar na gani." Ya juya ya nufi fangalin bakin ruwa, ya yi taku kaɗan, ya tsaya. "Wancan na yamma ya riga ya tafi, Allah ya kawo na baɗi. Na yafe maka. Amma waya ba tawa kaɗai ba ce."

Wannan ita ce ragowar aikin, kuma ta fi rubutun wuya. Malam ya lissafa salula goma sha tara da ya san suna ɗauke da tsohuwar Matsi. Ba mai rezon da zai sauke sabuwa da kansa. Kwana biyu muna bin rumfunan gefen kwalta da kasuwar tattasai ta Diffa, inda ƙaurin barkono ya sa ni atishawa har ƴan dako suna mini sannu, muna tura manhajar daga salula zuwa salula. Kowane mutum sai an gaisa, an sha ruwa, na faɗi laifina daga farko, sannan ya miƙo waya. Wani ya ce shi tsohuwar ta fi masa, tana sa fuskarsa ta yi kyau. Na ce ya riƙe ta don fuska, amma kada ya kusanci ganye da ita. Malam ya ce a'a, a goge, kuma aka goge. Mun sami goma sha bakwai. Biyun da suka rage masu su suna can gaba da Geskeru, inda aka ce kada in je. Malam ya karɓi alkawarin zai tare su ranar kasuwa, kuma bayan sati biyu ya kira ni ya ce an yi.

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai dai na yi barci tun daga Maine har Gure, jakar kwamfuta a ƙarƙashin kujera.

Ganyen nan goma sha biyu na ɗauki hotonsu tun ranar da aka tsinko su, kafin su bushe. Da na dawo Nasiru ya koya mini yadda ake rubuta gwajin da yake gudana da kansa. Yanzu duk lokacin da ni ko wani ya taɓa Matsi, kafin sabon gyara ya fita sai kwamfuta ta matse hotunan nan goma sha biyu ta ƙirga ɗigon. In ko ɗaya ya ɓace, gyaran ba ya wucewa. A cikin fayil ɗin na sa masa suna gwajin Ba Kyari, kuma na rubuta sunansa cikin jerin waɗanda suka gina manhajar, ƙarƙashin na Nasiru, tare da na Ya Falmata.

Shekaranjiya na gama wani gyara da zai ƙara rage nauyin hoto. Kwana biyar na yi a kansa, kuma ya yi kyau ƙwarai a idona. Na tura shi, gwajin ya ƙi. Ganye na tara, mai ɗigo uku, ya fito da biyu. Na zauna ina kallon allon, raina yana ce mini ɗigo ɗaya ne kawai. Sannan na goge aikin kwana biyar ɗin, na buɗe sabon shafi, na fara daga layin farko.